Turakun da Suka Yi Ganye

Litinin, da hantsi

Ƙafar dama ta sake kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Tarin ya yi sauƙi. Nas ta zo ta gwada jini, ta ce ya hau. Na ce mata shi kaɗai ya rage a gidan nan da yake iya hawa wani abu. Ba ta yi dariya ba.

Na ja kujera zuwa taga. Daga nan ina ganin gonata duka, tun daga bakin titi har inda ta gangara ta haɗu da fadama. Tun rasuwar mai ɗakina ba a sa mata fartanya ba. Ciyawa ce da ƙaya, sai ledojin da iska ta kwaso ta rataya. Yau na ga sabon abu a cikinta: turakun katako, kowanne da jan ƙyalle a ka, an jera su reras. Wanda ya kafa su ya iya aikinsa. Na ƙare ƙuruciyata ina koya wa yara jan layi da rula, ban taɓa samun layi mai miƙewa haka ba.

Nas ta ce na kamfanin nan ne da ke son gina masana'antar wanke robobi da leda a narka su. Sun sayi filayen da ke bayan nawa daga magadan da ke birni, amma ba su da hanyar shiga sai ta gonata. Nan ƙofa za ta kasance, nan manyan motoci za su bi. Ta ce, "Ai Malam ka fi ni sani, tunda ɗanka ne injiniyansu." Sai ta ga fuskata, ta shiga naɗe abin gwajinta.

Ɗan nawa ya ce zai zo Juma'a.

Talata, bayan la'asar

Mai Albasa ta zo, laka har gwiwa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi taka tabarma.

Ta ce, "Malam, ka ga 'yan makarantar da aka jera maka a gona? Har da jar hula."

Na ce na gani, kuma sun fi 'yan ajinsu na da natsuwa a layi.

A ajina ta yi. Sarkin Surutu nake ce mata a lokacin, don ko na kore ta waje sai ta leƙo ta taga ta ƙarasa maganarta. Yanzu ita ke da albasa mafi kyau a fadamar nan, jikokinta ma sun fara tafiya, amma bakin yana nan yadda na san shi. Abin da ya ƙaru shi ne ta koyi inda ake tsayawa.

Ta yi mini bayani tiryan-tiryan. Ruwan fadama ba shi da zurfi, kamu kaɗan za ka haƙa ka same shi. Duk ruwan da aka wanke robar maganin ƙwari da jarkar baƙin mai da shi, ƙasa zai bi, kuma daga wannan ƙasar suke ban-ruwa, daga ita suke sha. Ma'aikatar muhalli za ta turo jami'ai su duba wurin kafin a ba da izini. Kamfanin ya shaida musu cewa gonata saura ce, ba mai nomanta.

Na ce, "Ai ba su yi ƙarya ba."

Ta ce, "Shi ya sa na zo. Aron gonar nake so, mu nome ta kafin su iso."

Na ce ta bari sai Juma'a, in yi magana da yaron. Ta daɗe tana kallon ƙafata mai kumburi.

"Malam, ɗanka ɗanka ne, ba zan shiga tsakani ba. Amma dashe bai san Juma'a ba."

Ta share mini tsakar gida kafin ta tafi, ban sa ta ba.

Alhamis, da safe

Ƙafa tana nan jiya-i-yau. Na sa an wanke ɗaya kofin shayin.

Juma'a, da yamma

Waya ya yi. Aiki ya riƙe shi.

Yaron nan ya iya magana. Tun yana ƙarami in ya fasa abu sai ya bayyana maka yadda abin ya fashe har ka manta da dukan. Ya ce in duba kwalbatin bakin kasuwa yadda leda ta toshe shi, kowace damina ruwa sai ya shiga gidaje. Ya ce in tuna akuyar mahaifiyarsa da ta kumbura ta mutu, aka farka cikinta aka tarar da leda dunƙule kamar ƙwallo. Ya yi kuka ranar, na tuna. Ya ce tun daga lokacin abin yake ransa, yanzu ga dama ta samu, samari za su sami aiki, gari zai tsarkaka. Ya ce za a gina tankin tace ruwa. Na tambaye shi in tankin ya tsage fa. Ya ce ba zai tsage ba, shi ya zana shi.

Na yarda shi ya zana shi. Hannunsa na da kyau.

Sannan ya ce ya gyara mini ɗaki a gidansa, a ƙasa, ba hawa bene, asibiti kuma ƙetaren titi. "Baba, ka amince kawai a ba su gonar. Me za ka yi da ƙaya?"

Na ce irin wannan magana ba a yin ta a waya, ya zo mu zauna. Ya ce Juma'a mai zuwa.

Asabar, da hantsi

Na aika a kira mini Mai Albasa.

Lahadi, bayan azahar

Tun kafin rana ta fito na ji ƙarar fartanyu. Na leƙa, gonar ta cika da mutane, maza da mata, wasu ma ban san fuskarsu ba. Rabon da in ga baya sunkuye a wurin nan na manta.

An fara da rigima. Mai Faci, wanda ke gyaran taya a bakin titi, ya kama turke guda zai tumɓuke. Daga taga na ji muryar Mai Albasa.

"Sake shi. Kai ka kafa?"

"To a bar musu su yi mana fure?"

"Ka cire ɗaya, gobe 'yan sanda su zo su ce mun ɓata kayan mutane, magana ta tashi daga ruwa ta koma kanka. Kai da ko belinka ba mai zuwa."

"Matata za ta zo."

"Za ta zo ta roƙa a ƙara riƙe ka."

Aka yi ta dariya, shi ma ya yi, ya saki turken. Sai ta zagaya ta dafa kowane turke ta girgiza, ta ce katako ne mai kyau, an kuma kafa shi da ƙarfi, asara ce a bar shi a tsaye ba aiki. Ta sa a dasa kokwamba a gindin kowanne, ta hau ta kama.

Ban taɓa tunanin haka ba. Da ni ne, da wasiƙar ƙorafi zan zauna in rubuta, da kyakkyawan rubutu, a jefa ta a kwandon shara.

Talata, da yamma

Kowa daga renon irinsa ya cire ya kawo, ba wanda ya saya. Gonar ta zama kamar rigar da aka haɗa da ƙyallaye. Ina iya gane hannun kowa daga nan. Kunyoyin Mai Albasa a miƙe suke, tazara ɗaya. Na Mai Faci sun karkace kamar yana gudun rami. Akwai wata tsohuwa da ke dasa tumatir kusa da kusa, tana cewa in an raba su kewa suke yi.

Sun yashe tsohuwar rijiyar da mai ɗakina take ɗiba. Ruwan ya fito garau. Mai Albasa ta kawo mini a kofi, na sha, na ce mata ya yi sanyi. Ta karɓi kofin ta koma gona.

Ban gaya wa yaron ba.

Alhamis, da safe

An yanka wa Mai Albasa tiyon ban-ruwa, wuri-wuri, da wuƙa. Kowa ya san samarin da suka sa rai da aikin kamfanin ne. Cikinsu har da ɗan Mai Faci, wanda ya gama makaranta yana zaune.

Maza suka taru suna cewa a je a kamo su. Ta ce ba inda za a je. "Yaro yana son aiki, laifi ne? Ni ma da ina da takardar gama makaranta a ƙarƙashin katifa da na yanka tiyon wani." Ta naɗe tiyon ta kai wa Mai Faci ta ce ya yi mata faci, kuma ɗansa ya riƙe masa. Nas ce ta ba ni labari. Ta ce saurayin ya yini yana riƙe da tiyo kansa a ƙasa, Mai Albasa na zaune a kan taya tana ba shi labarin yadda ubansa ya faɗi jarrabawar lissafi a ajina.

Gaskiya ne, ya faɗi.

Juma'a, bayan la'asar

Bai zo ba, bai yi waya ba. Wataƙila wani ya gaya masa.

Lahadi

Zazzaɓi. Ban tashi ba.

Laraba, da hantsi

Yau na iya zama, bayan fiye da mako biyu a kwance. Nas ta ce saura kaɗan ta sa a ɗauke ni zuwa asibiti, na ce da ta yi da na rasa abin kallo. Duk kwanakin nan wani yakan ajiye mini romo a bakin ƙofa, a rufe da faranti. Na tambayi Mai Albasa ta ce ba ta sani ba. Kwanon nata ne, akwai tsagar da na sani a gefensa.

Gonar ta yi kore. Kokwamba ta kama turaku, ta naɗe su, wasu har ta kai jan ƙyallen ta rufe. In ba ka sani ba sai ka ce don ita aka kafa su.

Jami'an za su zo Litinin.

Asabar, bayan azahar

Yau na ga abin da duk suka kasa gani, ba don na fi su ido ba, don ni kaɗai nake zaune.

Mutanen fadama a ledar ruwan sha suke renon iri. Su yanke bakinta, su cika da ƙasa, su sa ƙwaya. In an zo dashe sai a yage ledar a yar nan take. Haka suke yi tun da ledar ta shigo, ba wanda yake ganin ta kuma. To ga shi an yi dashen gona guda cikin gaggawa. Iska ta tara ledojin a gindin shinge, a bakin rijiya, a cikin magudanar ruwa, fari fat. Ga jarkokin magani da aka yar. Daga taga, in ka ɗauke ido daga koren, juji kake gani. Duk wanda ya zo daga ma'aikata zai ce lallai wurin nan yana bukatar kamfanin.

Na sa aka kira Mai Albasa, na zaunar da ita a kujerata na ce ta duba. Ta duba.

Can ta ce, "Wallahi mu ne. Ba kamfani ba ne ya zubar, mu ne."

Na ce a tattara a ƙone kafin Litinin.

"A ƙone mu shaƙa? Ko a binne a kan ruwan da muke cewa muna karewa?" Ta tashi tana gyara ɗaurin zaninta. "Malam, ashe ɗanka yana da gaskiya. Rabin gaskiya, amma tasa ce."

Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Lahadi, da yamma

Yini suka yi suna tsinta, ba gonata kaɗai ba, fadamar duka har bakin kasuwa. Samarin da suka yanka tiyo su ne suka fi kowa cika buhu. An jera buhunan a bakin titi, tsibi ya kusa kai tsawon katangata. Mai Faci ya tambayi Mai Albasa ina za a kai su. Ta ce gobe zai ji.

Na aske gemu. Na yanke kaina a haɓa.

Litinin, bayan la'asar

Sun zo. Yaron ya zo tare da su.

Ba zan iya rubutu yau ba.

Talata, da hantsi

Jini ya hau. Nas ta yi faɗa.

Bari in rubuta yadda aka yi, tun ban fara gyara shi a raina ba.

Motoci suka tsaya a bakin titi. Shugabar jami'an mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta shiga gonar da takalminta mai kyau, ta tsuguna ta tona gindin albasa da yatsa. Ta ce, "Wannan dashen bai daɗe ba." Mutane suka fara kallon juna. Mai Faci ya buɗe baki zai ce wani abu, Mai Albasa ta riga shi.

"Bai daɗe ba, ranki ya daɗe. Bayan an kafa turakun nan muka dasa. Gonar tana da mai ita, bayansa ne ya gaji, muka ara masa namu."

Mai Albasa ta kai jami'ar rijiyar, ta sa aka ɗebo, ta nuna mata kusancin ruwan da ƙasa. Sannan ta kai su gaban buhunan. Ta ce wannan duka sharar mutanen fadama ce, su suka zubar da hannunsu, kuma ba su san yadda za su yi da ita ba. Ta juya wajen yaron, yana tsaye da farar hular kwano.

"Injiniya, muna son kamfaninka. Ga kayan farko, kyauta. Amma ka kai shi kan fako, can bayan inda ake fasa dutse, inda ko ƙaya ba ta fitowa. In ka gina a can, ni zan riƙa tara maka leda har in mutu. Kada ka ɗora shi a kan ruwan da ka sha ka girma."

Ya amsa mata da ladabi. Ya ce can babu titi, babu wuta, kamfanin ba zai yarda da wannan ɗawainiya ba, in aka hana nan wata jiha za su tafi da aikin gaba ɗaya. Ya yi bayanin tankinsa. Ya yi kyau a tsaye. Kafaɗun mahaifiyarsa ne.

Sai jami'ar ta tambayi ina mai gonar. Aka nuna taga.

Suka shigo ɗakina, ita da shi da Mai Albasa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa. Ya ga yankan da ke haɓata, na ga ya gani. Jami'ar ta ce an shaida musu cewa mai gonar ya amince zai bayar, ga shi kuma ta tarar da shuka. Tana so ta ji daga bakina: da izinina aka noma, ko shiga aka yi?

Mai Albasa ta kafa ido a ƙasa. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, don kada in ji nauyinta. Wannan ma na lura da shi.

Na ce da izinina. Na ce kuma ba zan bayar ba.

Ɗaya kofin yana kan tebur a wanke. Bai zauna ba. A bakin ƙofa ya ce, "Baba, da ka gaya mini." Na ce na so in gaya masa a zaune. Ya ce motar na jira, zai dawo Juma'a shi kaɗai.

Laraba, da yamma

An ce jami'ar ta dakatar da izinin, ta ce kamfanin ya nemi wani wuri. An ce kuma ranar ta sa an kai ta ta ga fakon. Mutane suna ta shigowa yi mini godiya, har da waɗanda rabona da su tun jana'izar mai ɗakina. Na ce su je su gode wa mai laka a ƙafa.

An ce shugabannin kamfanin ba su ji daɗin yaron ba, tunda shi ya ba su tabbacin gonar. Nas ce ta faɗa, ban tambaye ta ba.

Shi ya zana tankin. Na tabbata da ba zai tsage ba a zamaninsa.

Alhamis, bayan azahar

Mai Albasa ta kawo kokwamba ta farko, daga turken da ke kusa da titi. Ƙarama ce, ba ta gama ƙosawa ba.

Ta ce, "Ta mai gona ce."

Na ce a ajiye wa mai turke, gobe yana tafe.

Ta juya ta a hannu. "Malam, in kana so in kira shi in ba shi haƙuri, zan yi. Bakina ya saba."

Na ce ba ta yi masa laifi ba. Ta ce ta sani, amma ba sai mai laifi ke ba da haƙuri ba. Na ce ta bari.

Buhunan suna nan a bakin titi. Ta sa an rufe su da tamfol, ta ɗora duwatsu. Mai Faci ya ce suna tare masa masu kawo faci, ta ce ya yi haƙuri, kayan Injiniya ne, ajiya aka ba ta. Ba wanda ya ba ta. Amma ta faɗa da ƙarfi yadda zan ji daga taga.

Juma'a, da safe

Ƙafa ta saɓe, takalmi ya shiga. Na sa farar riga. Na jiƙa tsumma na lulluɓe kokwambar kada ta yanƙwane. Na matsar da ɗaya kujerar kusa da taga, don in ya zauna ya ga yadda layinsa ya yi kyau da ganye.

Juma'a, bayan magariba

Motoci sun yi ta wucewa. Ɗaya ta rage gudu a wajen buhunan, na miƙe, ashe rami take kaucewa.

Masu ban-ruwa sun tashi, Mai Albasa ce ta ƙarshe. Ta ɗago hannu daga bakin rijiya, na ɗaga mata. Ba ta shigo ba, ta ga kujerar.

Na sake jiƙa tsumman. Bai zo ba.